Ziyara Gidan Masu Hular NY

Daga Nima ta Ankara har zangon Kumasi, babu tashar motar da mutum zai ratsa bai ga saurayi sanye da hula mai haruffan N da Y a sarƙe ba. Jama'a, hular nan tana da masu ita. Tambarin Yankees ne, ƙungiyar wasan besbol, wanda wasu ke kira ƙwallon gora, kuma filinta yana Bronx a birnin Niyok, yankin da 'yan'uwanmu 'yan Gana masu yawa suke zaune. Da muka je ziyarar dangi a hutun makaranta, ɗan ƙanenmu, haifaffen can, ya ce sai ya kai mu mun gani.

Jirgin ƙasa mai lamba 4 muka shiga, ya sauke mu a titi na 161, ga filin nan a gabanmu. A 2009 aka buɗe shi, yana cin mutum fiye da 46,000. Tsohon filin, wanda aka buɗe a 1923, a tsallaken titi yake kafin a rushe shi. A cikinsa ne Muhammadu Ali ya doke Ken Norton a 1976, a nan kuma Nelson Mandela ya yi jawabi a 1990, har ya sa hular ƙungiyar.

To, ga yadda wasan yake. Kowane ɓangare mutum 9 ne. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya tare shi da gora. In ya buga, sai ya yar da gorar ya ruga, ya taka matsayai uku ya komo gida, shi ne ci ɗaya. In jifa mai kyau ya kuɓuce masa sau uku, ya fita. Ana yin zagaye 9, kuma babu kunnen doki: ko dare ya raba sai an sami gwani.

Mu da muka tashi da Kotoko da Hearts, abin da ya fara ba mu mamaki shi ne yawan tsayuwa. Akwai wani ɗan wasa can ƙarshen fili da muka zuba wa ido kusan rabin awa, ƙwallo bai ko bi ta wajensa ba. Muka ce wa yaron, “Wancan mai gadi ne?” Ya ce, “A'a Baba, miliyoyin daloli ake biyansa.” Da gaskiyarsa, don a 2024 ƙungiyar Mets ta ɗauki Juan Soto a kan dala miliyan 765 na shekara 15. Jan jikin ya ishi su masu abin ma, har a 2023 suka sa wa mai jifa agogo.

Sai maganar maki. Wanda ya buga 3 cikin 10 tauraro ne, ana rububinsa. A ajinmu yaron da ya ci 30 cikin 100 sai ya zo da mahaifinsa. Akwai kuma sata ta halal: mai gudu ya faki idon mai jifa ya tsere zuwa matsayi na gaba, jama'a su yi ta tafi. Kocin ƙungiya kuwa, ko da furfura da tumbi, kayan 'yan wasa yake sawa. A zagaye na 7 kowa ya miƙe tsaye a yi miƙa da waƙa, ɓawon gyaɗa ya cika ƙarƙashin kujeru kamar tashar Tamale.

Gasarsu ta ƙarshe suna kiranta Gasar Duniya, alhali ƙungiyoyi 29 na Amurka ne, ɗaya ta Kanada. Yankees sun ɗauki kofin sau 27, na ƙarshe a 2009. Inda duniya ta taru da gaske kuwa, wato ƙwallon ƙafa, mun tuna wa yaron cewa Black Stars sun sallami Amurka da ci 2 da 1 a 2006, suka maimaita a 2010. Ya ce, “Baba, 2014 fa?” Muka ce ya miƙo mana gyaɗa.

Kada kuma wani ya ce camfi a filayenmu kaɗai yake. Boston ta sayar wa Yankees gwarzonta Babe Ruth, ta yi shekara 86, daga 1918 zuwa 2004, ba ta ga kofi ba, magoya bayanta suka ce baki ne. A Shikago, an kori wani mutum da akuyarsa daga filin Cubs a 1945, aka ce ya yi musu baki. Sai a 2016 suka ɗauki kofi, shekara 108 bayan na baya. Kaka ya mutu yana jira, jika ya gada.

Wannan haƙurin shi ne abin da muka ɗauko. Wasa 162 kowace ƙungiya take yi a kaka guda, kuma ko zakara yakan sha kashi sau 60 ko fiye. Wanda aka ci yau, gobe da yamma yana fili. Mu da muke neman a kori koci in an ci mu sau biyu, akwai darasi.

Sauran magana ga iyayenmu na Bronx. A gidajen da muka shiga, uba yana bin Kotoko a waya, ɗa yana bin Yankees a talabijin, kowa da duniyarsa a ɗaki guda. Awa uku da muka yi a kujerun nan, yaron ya yi mana Hausar da bai yi ba a mako biyu, don kuwa shi ne malami, mu ne ɗalibai. Filin yana bayan gidanku. Ku sayi tikiti biyu, ku bar yaro ya yi muku bayani. Allah ya raya mana zuri'a.