Difa da dare: tsakanin gurup da hasken rana

Matafiyin da ya baro Damagaram ya bi babbar hanya ta ɗaya zuwa gabas, ya wuce Gure da Maine-Sorowa, yakan iso Difa da ƙura har cikin kunne. Daga Yamai tafiyar ta haura kilomita 1,300. Abin da zai fara kwantar masa da ido shi ne kore-koren kwarin Komadugu, kogin da ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa tafkin Cadi. A nan Barebari ke noman jan tattasai, wanda ƴan kasuwa ke ɗauka buhu-buhu zuwa ƙetare, kuma tun da asuba ake jin ƙugin injunan ban ruwa a bakin gaɓa.

Da magariba ta yi, wani ƙugin ke karɓa a cikin gari. In kuran ya ɗauke, sai ka ji gurup ya tashi a shagon mai firigo, ya tashi a gidan babban ma'aikaci, gidan maƙwabci kuwa shiru sai fitilar hannu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗaukewar wuta na nufin yara ba barci, ƙanƙarar mai shago ta narke, maganin da ke firigo ya lalace.

Matsalar tana da tarihi. Shekara da shekaru kamfanin Nigelec na samun wutar Difa daga Najeriya, ta layin da ya fito daga Damasak. Da ƴan Boko Haram suka kama Damasak a ƙarshen 2014, layin ya daina zama abin dogaro, nauyi ya koma kan injunan gazuwal. A watan Fabrairu na 2015 aka kai hari Boso da Difa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka taƙaita sayar da mai da taki, har cinikin tattasai ya tsaya na wani lokaci. A watan Agusta na 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta baki ɗaya, ba ta maido ba sai a 2024. Abin mamaki, a ƙasar wannan jaha ce ake haƙo man Agadem, wanda ake tacewa a matatar Soraz ta Damagaram tun 2011. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Saboda haka kowane magidanci a Difa ya zama mai lissafi. Hanya ta farko ita ce ƙaramin gurup na asansi. Kuɗin sayensa da sauƙi, kuma makanikan da suka saba da injin ban ruwa sun san cikinsa. Sai dai kullum bakinsa a buɗe yake. Da can man da ke tsallako kogi daga Najeriya ya sa ba a jin nauyinsa. Tun da aka cire tallafin mai a can, a watan Mayu na 2023, wannan rangwame ya ragu ƙwarai. Ga ƙara, ga hayaƙi. Hayaƙin nan yana kisa ba tare da an ankara ba, don haka ba a kunna gurup a ɗaki ko a zaure rufaffe. Wajibi ne kuma a sa makunnin da ke raba gida da layin Nigelec, don kada wutar gurup ta koma waya ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya.

Hanya ta biyu ita ce faifan hasken rana, wanda aka fi sani da pano, tare da batir da na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Rana dai ba ta yi wa Difa rowa ba. Ga misalin lissafi: ampul huɗu masu cin wat 10 na awa shida, fanka mai wat 60 na awa takwas, tele mai wat 60 na awa huɗu, jimla ta kusa wat-awa 1,000 a dare. Pano mai wat 300 da batir mai volt 12, ampa-awa 200, na iya ɗaukar wannan, muddin ba a zuƙe batirin fiye da rabi ba. Wahalarsa a farko take, domin kuɗin sai an tara. Zafi yana rage kwanan batirin dalma, na litiyom ya fi jurewa amma ya fi tsada, kuma a lokacin hunturu dole a riƙa share ƙura daga fuskar pano.

Hanya ta uku ita ce batir kaɗai, a cika shi lokacin da kuran ke nan. Tana isar wanda wutarsa ke ɗaukewa awa biyu ko uku. In yankewar ta kai kwana, batirin ma zai yi shiru.

Zaɓi ya danganta da abin da mutum ke tsoron rasawa. Ɗan kasuwa mai manyan firigo, ko mai walda, ba shi da makawa sai gurup, domin injunansa na jan wuta mai yawa wajen tashi. Ma'aikacin da bukatarsa haske ce da fanka da cajin waya, wanda kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki zuwa Ngigmi ko Gudumariya, pano ya fi masa, tun da yana kwance shi ya ɗora a mota. Wanda ke zaune kusa da kogi kuwa, ya tuna ambaliyar 2019 da ta 2022: ko gurup ko batir, a ɗora shi kan tudun siminti, kada a ajiye shi a ƙasa.