Abin da Kyamara Mai Janyo Nesa Ta Koya Mini

Cikin kyamarorin da na yi aiki da su a gidajen biki da hawan Sallah, wadda ta fi daɗewa a hannuna ita ce Canon PowerShot SX50 HS, da ta fito a 2012. Tsadarta ba ta kai ta manyan da ake canja wa gilashi ba, aikinta kuma ya fi na 'yan ƙananan da ake jefawa aljihu. Tana janyo abu har sau 50, tana ɗaukar bidiyo mai tsabta na 1080p.

Da rana tsaka aikinta sai son barka. A Hawan Daushe na Kano, ina tsaye can bayan cunkoso, nakan janyo fuskar mahayi har in ga zufa na sauka gefen rawaninsa. Amma ɗan abin da ke karɓar haske a cikin irin waɗannan kyamarori bai kai girman farce ba, don haka da magariba ta yi sai hoto ya koma dishi-dishi. In ka janyo gilashi har ƙarshe, ko numfashinka ya isa ya girgiza bidiyo, dole ka jingina da bango ko ka ɗora ta kan maɗori mai ƙafa uku. Sauti kuwa na kusa take kamawa: idonka na kan mai algaita can nesa, kunnenka na jin hirar mutanen da ke gefenka.

Duk wannan hannu kan saba da shi. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wata rana na hau bene don ɗaukar jerin motocin kai amarya, ina juya kyamara sai ga tsakar gidan wasu bayin Allah ta cika mini allo. Mata na zaune babu mayafi, ɗaya na tsefe wa 'yarta kai, hankalinsu kwance domin katanga ta kare su. Jikina ya yi sanyi, na sauke hannu ban danna komai ba. Mutanen nan sun kashe kuɗi sun yi katanga don sutura, ni kuma na tsallake ta daga inda nake tsaye, ba sallama, ba izini.

Tun daga ranar, in fuskar mutum nake so, sai in taka in same shi, mu gaisa, in nemi yardarsa. Wanda ya ƙi, in yi masa godiya in wuce. Janyo nesa na bar shi ga dawaki da tsuntsaye da jinjirin wata.

Ƙarfin waɗannan na'urori ƙaruwa yake yi. Nikon P900 ta 2015 tana janyowa sau 83, P1000 ta 2018 sau 125, wayoyin hannu ma sun biyo sahu. Don Allah, 'yan'uwana masu ɗaukar hoto, in gilashi ya kai ku cikin gidan da ba a yi muku iso ba, ku kau da shi nan take, kuma kada ku ɗauki matar mutum ko 'yarsa sai da yardarsu.