Pomuch, Garin Da Ake Gasa Wa Mamata Abinci A Rami

Daga birnin Campeche da ke bakin teku a kudu maso gabashin Meziko, ƙaramar bas ce ta kwashe mu ta miƙi tsohuwar hanyar Merida. Bayan kamar awa guda direba ya sauke mu a Pomuch, wani ƙaramin gari na ƙabilar Maya a ƙaramar hukumar Hecelchakan. Ƙarshen watan Oktoba ne, gari ya ɗauki haramar Hanal Pixan, bikin da ake ciyar da rayukan mamata daga 31 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba.

Tun kafin ka sauko daga mota ƙanshin burodi ke tarbarka, don Pomuch ta yi suna da gidajen burodi masu gashi da itace. Amma yawancin baƙin da muka zo tare ko waiwayar burodin ba su yi ba. Maƙabarta suka nufa, kowa da kyamara a wuya.

Ni ma na bi su. A nan idan mamaci ya shekara uku a kabari, sai a tono ƙasusuwansa a zuba a ƙaramin akwatin katako, a ajiye cikin wani gurbi na siminti, murfin a buɗe, ƙoƙon kai a sama. Kowace shekara kafin bikin dangi kan zo su fito da ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, su kakkaɓe ƙura da burushi, su cire tsohon ƙyallen da ke shimfiɗe a akwatin su sa sabo fari wanda aka yi wa ɗinkin furanni da sunan mamacin. Na tsaya kusa da wata dattijuwa tana goge na mijinta, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, tana ba shi labarin gida. Ta ce mini sauya masa kaya take yi, don kada ya zo biki da dauɗa. Ni da na taso inda ba a buɗe kabari bayan an rufe, gabana ya faɗi. Sai dai ban ga wasa ko raini a hannun matar nan ba, kulawa na gani. Abin da ya sosa mini rai shi ne masu cusa mata kyamara a fuska ba tare da ko sallama ba.

Wanda ya tsaya a maƙabarta ya juya, rabin bikin ma bai gani ba. Ainihin aikin yana bayan gidaje, inda ake haɗa pibipollo, abincin bikin da ake gasawa a rami.

Wani magidanci ya shigar da ni gidansu da asubar 1 ga Nuwamba, ranar manyan mamata, bayan ta yara da aka yi jiya. Tun daren jiya an dafa masara da farar ƙasa, an wanke, an kai niƙa. Mata sun zagaye tebur suna murza ƙullun da kitsen alade da gishiri da jan garin achiote, wasu suna zuba ɗanyen wake a ciki. Sai a fafe ƙullun ya yi zurfi kamar tasa, a jera naman kaza da na alade, tumatir, albasa da ganyen epazote mai ƙamshi, a kwarara wani romo mai kauri da ake kira kol, a rufe da wani faifan ƙullun, a nannaɗe da ganyen ayaba da aka ɗan nuna wa wuta, a ɗaure tam.

Maza kuwa suna can sun haƙa rami, sun jera itace, sun ɗora duwatsu a kai sun cinna wuta. Da itacen ya cinye, duwatsun suka yi jawur, sai aka jera ƙunshin a kansu, aka lulluɓe da ɗanyen ganye da kwanon rufi, aka mayar da ƙasa har hayaƙi ya daina fita. Kimanin awa biyu ake jira. Babu agogon da ya kai hancin tsohon gidan sanin lokaci, shi ya ce a tone. Gasasshen ya fito bayansa ya yi ƙamas, cikinsa na turiri.

Ba wanda ya taɓa. Na farko sai da aka kai teburin mamata: farin zane, koren gicciye, hotunan waɗanda suka rasu, kyandir, ƙoƙuna cike da koko da kunun masara, da duk abin da mamacin ke so yana raye. A imaninsu rayuka kan ɗauki ƙanshi da albarkar abincin, masu rai su ci sauran bayan an yi addu'a. Har wanki da shara ake gamawa tun kafin ranar, wai kada uwar da ta rasu ta zo ta tarar da aiki ta kama yi.

Can gefe kuma akwai wani ɗan kwano shi kaɗai. Na tambaya, aka ce na ran da ba shi da kowa ne, wanda danginsa suka ƙare ko suka manta da shi. A duk abin da na gani a Pomuch babu wanda ya kama zuciyata kamar wannan kwano. Ya tuna mini da wainar sadakar arba'in da ake miƙa wa almajiri da mai wucewa, ko da yake mu ladan muke roƙa wa mamaci, ba cinsa ba.

Da na bayyana cewa addinina ya hana ni alade, uwar gidan ba ta ɓata rai ba. Ta kawo mini xec, haɗin lemo da wata farar saiwa mai zaƙi da ake kira jicama, an barbaɗa barkono da gishiri. Yara suka fara fita da ƙunshin pibipollo zuwa maƙwabta, wasu yaran na shigowa da na wasu gidajen.

Hukumar UNESCO ta sa bukukuwan mamata na 'yan asalin Meziko cikin jerin al'adun duniya a 2008, kuma baƙi sai ƙaruwa suke yi. Mutanen gidan ba wannan ne a gabansu ba. Suna lissafin itace da kaji ne, domin bayan kwana takwas akwai bix, wani zagayen bikin mamatan, inda za a sake haƙa rami a yi wani gashin.