Akwatin Baba ya zama gidan kwamfuta

Ɗana ya haɗa mana kwamfutar lissafin shago da kayan da ya sayo ɗaya-ɗaya daga Tamale. Saura gidan da za a saka ta. Shi mai gilashi yake so, mai fitilu kala-kala. Na ce, "Kai yaro, nan fa Gushegu ne. Hunturu ɗaya ya ishi gilashin nan naka."

Sai na jawo masa akwatin katakon mahaifina, wanda ya yi fatauci da shi tsakanin Salaga, Yendi da Bawku. A ciki yake ajiye takardun bashi, duk da ajami. Tun rasuwarsa akwatin na ƙarƙashin gadona.

Ya duba, ya ce, "Baba, sai dai a huda shi. Katako na riƙe zafi. Dole fanka ɗaya ta jawo iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya." Jikina ya yi sanyi. Kwana uku ban ba shi amsa ba. Yayata ma ta ce kayan gado ba a sa musu zarto.

Ran na huɗu na kife akwatin, na ga gara ta fara cin gindinsa. Ashe ajiyar da nake yi ce ke kashe shi.

Kafinta ya huda, muka toshe ramukan da raga saboda ƙura, muka shimfiɗa farantin ƙarfe aka ɗaure kayan a kai. Duk Juma'a in an sauko masallaci, da kaina nake kakkaɓe ragar. Lissafin bashi ya koma inda Baba ya saba ajiye shi.