Takardar Likita da Hannun Mai Jiki



Mu dai mutane ne masu girmama takarda. In aka rubuta ta da Faransanci, aka danna mata hatimi, to shi ke nan, sai a ninke a jefa ƙasan akwati, ba mai ja da ita. Wannan hali yana da amfani a bakin iyaka, amma a kan ciwon dajin nono yana iya cin rai.

Kowace shekara in Oktoba ya kama, wato watan da ake kira Octobre Rose, sai a yi ta kiran mata su je a duba su. Kira ne mai kyau, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo, 670,000 kuma suka rasu. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, na'urar ɗaukar hoton nono, mamogarafi, ba kowane nono take gani tar ba.

Nono dai kitse ne da kuma naman da ke yin ruwan nono. A jikin hoton, kitse yakan fito baƙi-baƙi, naman ya fito fari. Ƙarin daji shi ma fari yake fitowa. To macen da namanta ya rinjayi kitse, wadda likitoci ke cewa nononta a cunkushe yake, neman ƙari a hotonta kamar neman farin ƙwai ne a cikin tulin auduga. Ba ruwan wannan cunkoso da girman nono ko taurinsa, hannu ba ya jin sa, sai a hoto ake ganewa. Ba cuta ba ne, sai dai yana ɗan ƙara haɗarin kamuwa. Ya fi yawa ga matan da ba su daina al'ada ba da masu shayarwa, alhali kuwa nan Afirka ta Yamma ciwon yakan kama mata da yawa tun ba su kai 50 ba.

Ɗiyar gwaggona mai sayar da atamfa a Djougou, shekarunta 43, ta ji wani ɗan ƙullutu kusa da hammata. Ba ta yi sakaci ba. Ta rufe shago, ta biya mota har Parakou, tafiyar kilomita fiye da 130, aka ɗauki hoto, ta komo da takarda. Ɗanta ɗan makaranta ya karanta mata layin da ke cewa ba a ga ƙari ba, gida ya ɗauki hamdala. Sai bayan wata biyar takardar ta zo hannuna. Can ƙasa an rubuta "seins denses, type D", an kuma ce a yi mata eko.

Na ce, "Ƙanwata, har yanzu kina jin abin nan?"

Ta ce, "Ina ji, Yaya, har ya ɗan ƙaru. Amma tunda na'ura ta ce babu, ni wace ce?"

Eko ɗin nan fa ba baƙo ba ne, shi ne dai wanda ake ɗora mana a ciki lokacin goyon ciki, kuma yana ganin wasu ƙararin da cunkoso ke ɓoyewa. Aka yi, aka gani, aka tsotso ɗan nama da allura aka auna, ashe daji ne. An yi mata aiki, ta sha wuyar magani, yanzu ta koma kasuwa, Allah Ya ƙara sauƙi.

Kada a ce ƙauyancinmu ne. A Amurka, wata mata mai digirin digirgir, Nancy Cappello, hoto ya ce lafiyarta lau, bayan mako shida a 2004 aka same ta da dajin da ya riga ya yi nisa. Fafutukarta ta sa jihar Connecticut ta yi doka a 2009 cewa dole a sanar da mace cunkoson nononta, kuma tun Satumba 2024 dokar ta game Amurka baki ɗaya.

Mu kuwa sai mun buɗe baki mun tambaya. Cunkoso aji huɗu ne, A zuwa D. Wadda aka rubuta wa C ko D, ta tambayi likita ko tana bukatar eko. Wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo, ta koma asibiti ko da takarda ta ce me. Masu karanta mana Faransanci kuma, don Allah ku karanta har ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a gama duk binciken nan cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Abin da ke cinye kwanakin a wurinmu galibi kuɗin mota ne da jiran izinin maigida. Shi ya sa a adashinmu na unguwa muka fara ware jaka ɗaya kowane zubi, don wadda aka ce ta koma a sake dubawa.