Bulala da Tukuici: Wani Nazari daga Gwammaja

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa hali abin ginawa ne, shi ya sa yake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da karin maganar ba ta fayyace ba shi ne da me ake tanƙwarawar. Waɗansu sun ce da bulala, waɗansu sun ce da yabo da tukuici, har yau kuwa gardamar ba ta mutu ba a zaurukan Kano. Unguwar Gwammaja, wadda ke kusa da Dutsen Dala, wuri ne da ya dace a auna wannan magana, domin tana da makarantun allo kamar kowace unguwa ta birni, ga shi kuma a cikinta ne gidan Malam Aminu Kano yake, watau Gidan Mambayya.

Masana halayyar ɗan Adam na Amurka sun bi batun ta hanyar gwaji. A shekarar 1898 Edward Thorndike ya riƙa kulle kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Da farko sai ta yi ta kame-kame har ta taɓa makullin bisa kuskure, amma da aka yi ta maimaitawa sai ta riƙa zuwa kansa kai tsaye. Daga nan ya ce duk aikin da daɗi ya biyo bayansa ƙarfi yake ƙarawa, wanda kuma wuya ta biyo bayansa rauni yake yi. Zuwa 1932 shi da kansa ya gyara rabin maganar, ya ce ƙarfin da lada ke da shi wajen dasa hali ya fi ƙarfin horo wajen tumɓuke shi.

B. F. Skinner ne ya ɗora a kan wannan harsashi. Ya ƙera akwati mai wani ɗan ƙarfe a ciki, wanda in ɓera ya danna sai ƙwayar abinci ta faɗo. A littafinsa na 1938 ya ba da labarin wani gwaji da ya kamata kowane mai riƙe da bulala ya ji. Bayan ɓeraye sun saba da dannawa, sai ya yanke abincin, ya raba su gida biyu. Kashi ɗaya ya bar su haka nan. Kashi na biyu kuwa, a mintoci 10 na farko, duk wanda ya danna ƙarfen sai ƙarfen ya make masa ƙafa. Nan take waɗanda aka make suka ja da baya. Amma da aka daina dukan sai suka koma, har a ƙarshe yawan dannawarsu ya kamo na 'yan'uwansu da ba a taɓa ba. Ashe dukan danne halin kawai ya yi, bai kashe shi ba.

To, mai karatu ya leƙa kowace makarantar allo da hantsi. Yara sun jeru da allunansu, malam ko gardi na gefe, dorina a hannu. Da zarar karatu ya yi sanyi sai a ɗaga ta, nan da nan zaure ya ɗauka da ƙara. Abin tambaya shi ne, me yaron ya koya a wannan lokaci? Ya koyi cewa ɗaga murya na kawar da duka. Wannan shi ne abin da masanan ke kira ƙarfafawa ta hanyar janye wuya: ba a ba shi kome ba, an dai ɗauke masa abin da yake tsoro, saboda haka gobe ma zai ɗaga murya. Ko idonsa na kan allo ko yana kan ƙofa, wannan dorina ba ta sani ba. Shi ya sa akan sami yaro mai ƙarfin murya wanda in an nuna masa baƙi ɗaya a tsakiyar allo sai ya yi tsuru-tsuru.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika lura da shi ba, shi ne cewa shi ma mai dukan ana horar da shi. Duk lokacin da ya ɗaga dorina surutu ya tsaya, to ya sami ladansa nan take, hannunsa kuwa zai ƙara saurin kai wa gare ta. Amfanin duka a take ake ganinsa, ɓarnarsa sai an jima. Wannan ne dalilin da ya sa bulala ke da wuyar ajiyewa ga uba da malami da mai mulki, ko da kuwa mutanen kirki ne.

Kada a zaci makarantar allo duka ce zalla. Wanda ya faɗi haka bai zauna cikinta ba. Hasali ma, abin da ya raya ta ɗaruruwan shekaru tsarin ladanta ne, wanda ya yi daidai da abin da Skinner ya gano daga baya. Ana ba yaro karatu kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai iya ɗauka. In ya biya daidai, a take malam zai ce ya je ya wanke, a yi masa sabon rubutu a gaban tsaransa. In ya kai waɗansu surori sai a yi sadaka daga gida. In ya sauke kuwa, ga allo mai zayyana, ga sababbin tufafi, ga walima, dangi na ta sa albarka. Lada ƙarami na kusa, lada babba na nesa, an jera su kamar matakala.

Masu kare horo ma suna da hujja. A 1966 Azrin da Holz sun nuna cewa horo na iya tsayar da hali sosai, in ya zo nan take, da ƙarfi, kuma a kowane karo ba fashi. Sai dai wa ke iya cika waɗannan sharuɗɗa a gida ko a gari? Yaro yakan yi laifi goma a kama shi a ɗaya, sai ya koyi ɓoyewa. Wani nazari na 2016 da Gershoff da Grogan-Kaylor suka yi, wanda ya tattara binciken da ya shafi yara fiye da 160,000, bai sami alamar cewa duka na gyara hali ba, sai ma alaƙarsa da ƙarin taurin kai da faɗa.

Gwaji mafi girma da Kano ta gani a kan wannan batu a fagen siyasa aka yi shi, mai gidan nan na Gwammaja kuwa yana tsakiyarsa. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, daga baya Malam Aminu, wanda asalinsa malamin makaranta ne da ya koyar a Bauci da Maru, ya zama shugabanta. Hukumar En'e ta fuskance ta da abin da ta saba: 'yan doka, kotun alƙali, bulala, gidan yari, ga kuma 'Yan Mahaukata da ke far wa magoya bayanta. Niyyar a fili take, a sa wuya ta biyo bayan shiga NEPU har mutane su bari.

A zahiri kamar dabarar ta ci. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta sami kujeru 134, NEPU ta tashi da 8 kacal. Talaka da yawa ya yi shiru. Amma ga waɗanda suka riga suka ba da kansu, sai abin ya juye. A wajen Azrin da Holz, ba niyyar mai yi ke sa a kira abu horo ba, sakamakonsa ne: in hali ya ragu horo ne, in ya ƙaru lada ne, ko da da bulala aka ba da shi. Ɗan NEPU da ya fito daga kurkuku yakan tarar da 'yan'uwa na jiransa da kirarin Sawaba, darajarsa ta ɗaukaka a idonsu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta sau 16, kowane ɗauri kuwa ƙara mata suna ya yi. Watau En'e na biyan kuɗin horo, jam'iyya na karɓar riba.

Su kuma masu shirun, halinsu ya yi kama da na ɓerayen 1938. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Da aka koma zaɓe a 1979 babu mai dorina a tsaye, sai abin da aka danne ya taso. Malam Aminu ya sami fiye da kashi 70 cikin ɗari na ƙuri'un Jihar Kano a zaɓen shugaban ƙasa, jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna.

A nan ne akwatin Skinner ke yin ƙaranci. Ɓera ba ya jure jinkiri. In ƙwayar ta makara da 'yan daƙiƙu, haɗa ta da dannawar yakan yi masa wuya. Babban abin da talakan NEPU ke nema shi ne a sauke masa haraji da jangali, wannan kuwa bai samu ba sai da Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a watan Oktoba na 1979 ya soke su, shekara 29 bayan kafa jam'iyyar. Mai bin ra'ayin Skinner zai ce yabon abokai da girman da ake samu a unguwa su ne ƙananan ladan da suka cike wannan tazara, akwai kuwa gaskiya a maganarsa. Amma ba ta isa ta bayyana manomin ƙauye ba, wanda aka yi wa bulala a ƙofar dagaci, babu mai tafa masa, ya koma gida bai sake ra'ayi ba. Da yawa daga cikin irinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin a soke harajin.