Hannun Ƙanena

Sanƙarau ne ya tafi da jin ƙanena yana ɗan shekara 4. Shekara biyu ya yi a firamaren unguwarmu yana zaune can bayan aji, ko "a" bai iya ba, wai malamin cewa yake taurin kai ne. Baba ya ce a bar shi ya koyi faci. Ni kuwa na kafe, har da kukana, sai da aka kai shi makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, nan Kano.

To, 'yan'uwa mata, ga abin da ban zata ba. Da ya zo hutun farko hannunsa ya sauya. Maganar hannun da muka saba a gida daban, ta makaranta daban, don ita tushenta na Amurka ne. Ya yi ta yi wa Inna bayani, fuskarsa cike da murna, ita ko ta juyo gare ni idonta ya kawo ruwa.

"Ke, me yake cewa?"

Wallahi ban sani ba. Daren nan na ajiye littafin da nake rubutawa, na zaunar da shi, ya kama yatsuna yana lanƙwasa su harafi-harafi. Na yi kuskure ya dungure mini kai.